Malamai 'yan ritaya, me kuke yi da safiyarku?

Tsohon Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi shekara 35 ina koyar da labarin ƙasa, yau shekara shida kenan da na ajiye alli. Abin da ya sa nake wannan rubutun, wani abokin aikina ne da zai yi ritaya ƙarshen shekarar nan ya kira ni jiya da daddare, muryarsa duk a sanyaye, ya ce malam wai me ake yi da safe? Ba maganar fansho ya tambaye ni ba, ba maganar gida ba, safiya kawai. Kuma wallahi na gane abin da yake nufi, don ni ma watan farko ƙarfe shida da rabi na gama shiri na sa takalmi, sai in zauna bakin gado ina jiran ƙararrawar asembli da ba za a kaɗa ba.

Makaranta bakwai na zauna, kuma ko ɗaya ba ni na zaɓa ba, takardar transfa ce kawai za ta zo ka ɗaure katifa da kwalayen littattafai. Ta farko wani ƙauye ne bayan kogi, da damina sai ka naɗe wando ka ɗora littafin darasi a ka kafin ka haye. A siton makarantar na tsinci wani ma'aunin ruwan sama na tagulla duk ya yi kore-kore, hedimasta ya ce tun da ya zo bai ga wanda ya taɓa shi ba. Na wanke shi da toka na kafa shi tsakiyar fili, kullum da safe yaro ɗaya zai je ya auna ya rubuta a bayan tsohuwar rajista. Daga nan aka kai ni makarantar kwana a kan tudu inda ba wutar lantarki, in na gama zagayen ɗakunan kwana sai in zauna wurin maigadi, shi ya koya min Kaza da 'Ya'yanta da Zara da Gamzaki, ni da na karanta taurari a littafi amma ban taɓa ɗaga kai na gane ko ɗaya ba. Birni kuma shekara 11 na yi, yara sun haura 90 a aji ɗaya, can muryata ta dishe kuma ba ta dawo daidai ba har yau, ba abin da na ɗauko a can sai haƙuri. A makarantar ƙarshe ne malamin aikin gona ya koya min yi wa bishiya aure, wato haɗa reshen wata bishiya a jikin wata.

To yanzu waɗannan su ke riƙe da ni. Ƙarfe bakwai in auna ruwa in an yi, in rubuta sifili in ba a yi ba, sannan in shiga cikin dashe har rana ta yi zafi. Ina so in ji naku, don in samu abin da zan faɗa wa abokin nan nawa.

Malama Mai Jan Biro:
Wa alaikumus salam malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni shekara 33 na yi, goma na ƙarshe ina shugabar makarantar firamare. Naji daɗin labarinka amma zan ɗan saɓa maka kaɗan. Ni na gwada saƙa na gwada lambu, duk ba su cike min gurbin ba, saboda abin da na rasa ba aiki ba ne, mutane ne. Ka tuna malami kullum sai ya kira suna arba'in ko hamsin an amsa masa, kafin ka isa ofis an gaishe ka ya fi sau ɗari, rana ɗaya sai komai ya ɗauke ɗif. Akwai ranar da na lura har la'asar ban buɗe baki na yi magana da kowa ba, yara duk sun yi aure maigida kuma Allah ya yi masa rasuwa, ranar na yi kuka sosai. Abin da ya cece ni shi ne yaran maƙwabta guda shida da na fara tarawa da yamma muna karatu a tsakar gida, yanzu sun kai goma sha tara har da iyayensu mata biyu da ba su taɓa riƙe fensir ba. Ka gaya wa abokinka ya nemi mutane kafin ya nemi bishiya.

Ɗan Aji Uku:
Baba da Mama ku yi min afuwa, ni ƙaramin malami ne shekarata takwas kacal a aiki, amma gaskiya wanda haƙƙinsa ya fito ne yake da natsuwar ƙirga ruwan sama. Mahaifina ma malami ne, shekara biyu da wata biyar yana jeka ka dawo kafin a fara ba shi fanshonsa, yau a ce fayil ya ɓata gobe a ce a sake kawo hoto, mutumin da ya koyar da rabin waɗanda ke zaune a ofis ɗin. Lesin ya koma yi gida-gida da ƙafa yana da shekara 62. To wane irin nishaɗi za a ce ya yi? Kuma Baba ba raini ba, wannan littafin ruwan saman wa zai amfana?

Tsohon Mai Alli:
Ɗana ba ka yi laifi ba, kuma maganar mahaifinka ta taɓa ni, Allah ya saka masa. Ni ma wata tara na yi ba ko sisi, sai da na sayar da babur ɗina. Amma abin da zan faɗa maka shi ne a cikin wata taran nan ne na fi buƙatar ma'aunin, don shi kaɗai ne abin da ke hannuna wanda ba sai wani ya sa hannu ba. In ka wuni a layi an wulaƙanta ka ka dawo, akwai bambanci tsakanin ka kwanta kana juyi da ka san gobe da safe akwai abin da ke jiranka.

Maganar wa zai amfana kuma, tambaya ce mai kyau kuma ita nake so ɗalibi ya yi. Milimita ɗaya a ma'auni yana nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane murabba'in mita na ƙasa, to ka ga in na rubuta 30 na san abin da ya sauka a rufina da abin da ya shiga gonar maƙwabcina. Yanzu masu shuka a unguwarmu suna zuwa su tambaye ni malam nawa aka samu jiya, mu shuka ko mu dakata. Kuma ba yau aka fara ba, a Koriya tun 1441 zamanin Sarki Sejong suka ƙera ma'auni suka rarraba a larduna. A Ingila wani mutum George Symons tun wajen 1860 ya riƙa tattara alƙaluman ruwan sama daga hannun 'yan sa-kai, mutane irina masu kwalba a bayan gida. Takardun nan suka yi ta taruwa, sai a 2020 lokacin kullen korona wani farfesa Ed Hawkins na jami'ar Reading ya nemi a taya shi shigar da su kwamfuta, mutum sama da dubu 16 suka fito, cikin kwana 16 suka kwafe alƙaluma sama da miliyan 5, kuma yanzu da su masana ke gane yadda ruwan ƙasar ya sauya. Waɗanda suka rubuta su da hannu yawancinsu sun mutu ba su san ranar za ta zo ba. Ni littafina na goma sha ɗaya nake ciki, kowanne da sunan makarantar da na cika shi a bango.

Ɗan Aji Uku:
Toh Baba na karɓa, ban san abin ya kai haka ba wallahi. Amma dai har yanzu ina kan bakana cewa ciki ne gaba.

Malama Mai Jan Biro:
Ba wanda ya musa maka ɗana. Sai dai mahaifinka ma in ka lura da kyau, ranar da ya dawo daga lesin da ranar da ya wuni a gida wacce fuskarsa ta fi sakewa? Ka duba ka ba ni amsa.

Nas Mai Dutin Dare:
Slm iyayena. Ni ba malama ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, amma ina ganin 'yan ritaya da yawa a wurin aiki kuma malamai suna da wani abu na daban. Mutum ya shekara talatin a tsaye yana kai da komo gaban allo, ba ya ma sanin motsa jiki yake yi, to rana ɗaya ya koma kujera da rediyo, cikin shekara biyu sai ka ga ƙiba da hawan jini da ciwon gwiwa sun taso tare. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, wato kamar tafiya da ɗan sauri, sannan wanda ya kai 65 ya ƙara da atisayen da ke ƙarfafa tsayuwa aƙalla kwana uku a sati saboda faɗuwa, don karayar ƙugu a tsufa ba ƙaramin abu ba ne. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne kawai sau biyar. Aikin dashen Baba yana ciki, ɗaukar bokiti da durƙuso da miƙewa duk motsa jiki ne.

Kuma maganar Mama ma likitanci ne ba ƙorafi ba. Akwai binciken jami'ar Harvard a Amurka da aka fara tun 1938 da maza 724, ana bin rayuwarsu tun suna samari har tsufa, abin da ya fi fitowa fili shi ne waɗanda ke da kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi lafiya da kwanciyar hankali a tsufansu. Don haka ni dai ban ga saɓani tsakaninku ba.

Saura Wata Huɗu:
Ni fa kamar da ni ake. Lissafi nake koyarwa, wata huɗu ya rage min. Da ina ɗokin ranar, har ƙirga kwanaki nake a kalanda, yanzu kuma da ta matso tsoro nake ji. Matsalata ni ban da wani abu, ban iya noma ba ban iya kiwo ba, rayuwata duka aji ce da makin takardu har cikin dare. Mutum zai fara koyon sabon abu yana da shekara 60?

Mai Karatun Zamantakewa:
Malam wannan ɗokin da tsoron duk an san da su. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka Robert Atchley tun shekarun 1970 ya yi bayanin matakan da mai ritaya ke bi, akwai lokacin da ya kira kamar na amarci, kana barci yadda kake so kana ziyarce-ziyarce, bayansa sai gundura da ɗan karyewar zuciya su biyo, sannan mutum ya sake tsara kansa ya samu sabon tsari ya zauna a kai. Ba kowa ke bin su a jere ba amma sanin cewa na biyun yana nan tafe yana rage masa kaifi, in ya zo ba za ka ɗauka kai kaɗai ba ne ko wani abu ne ya same ka.

Tsohon Mai Alli:
Malam Saura Wata Huɗu, kar ka ce ba ka da komai, ka zauna ka lissafa wuraren da ka zauna ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kowanne ya bar maka wani abu da ka ce sai na samu lokaci. To lokacin ne ya zo. Ni aure bishiya ina da shekara 57 na koya kuma guda goma na farko duk sun bushe.

Ga yadda yake. Ka samu ƙaramin dashe da ka tsiro daga ƙwallo, mai kaurin fensir, shi ne uwar. Ka yanko ɗan reshe mai kauri ɗaya daga bishiyar da ka san 'ya'yanta masu kyau ne, ka cire ganyen. Ka datse kan uwar ka tsaga ta tsakiya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, shi kuma reshen ka fere gindinsa gefe biyu da reza mai tsabta ya yi tsini kamar bakin gatari, ka cusa a tsagar. Sirrin duka yana wurin wani siririn kore da ke ƙarƙashin ɓawo, nan ne bishiya ke girma, in koren uwar bai haɗu da koren reshen ba ko da gefe ɗaya ne to aikin banza ka yi. Sai ka naɗe da leda tamau kar iska da ruwa su shiga, ka ajiye a inuwa. Sati uku zuwa huɗu in Allah ya yarda za ka ga ɗan toho ya ɓullo. Ranar da na fara ganin nawa na farko ya kama, na daɗe a tsugune ina kallonsa, irin abin da nake ji ne in yaron da ya shekara ba ya gane taswira rana ɗaya ya ɗaga hannu. Kuma mai aure yana fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, na ƙwallo kuwa sai ka jira fiye da haka kuma ba ka da tabbacin irin da zai ba ka.

Kai da ka iya lissafi ma ai ma'aunin ruwa naka ne. Ko gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ya isa, in bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne rula kawai za ka tsoma. In ka sa mazurari mai faɗi to sai ka raba yawan ruwan da girman filin bakin mazurarin, wato murabba'insa. Ka dai nisanta shi da bishiya da gini, aƙalla ninki biyu na tsayinsu, kuma lokaci ɗaya za ka riƙa dubawa kullum.

'Yar Malam:
Baba dan Allah ina da tambaya tunda an zo maganar wurin zama. Abbanmu ya yi ritaya shekara uku kenan, yana can garin da ya yi aikinsa na ƙarshe shi da Ummanmu, mu kuma duk muna nesa, tafiyar awa bakwai ce. Yayanmu ya gyara masa ɓangare guda a gidansa, ga asibiti kusa ga jikoki, amma ya ƙi fur. Mun yi lallashi mun yi fushi, cewa yake a bar shi. Ga shi yana da ciwon suga, in dare ya yi waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Me ke riƙe shi a wurin da ba danginsa ko ɗaya?

Tsohon Mai Alli:
'Yata ba zan iya shiga zuciyar Abbanku ba amma zan faɗa miki tawa. Sau bakwai ana ɗaga ni da takarda, sau bakwai ina barin bishiyar da na dasa kafin in ga ta yi fure, matata har ta daina buɗe wasu kwalaye don ta san za a sake ɗaure su. Wannan ne karo na farko a rayuwata da ni na ce nan zan zauna. In yarana suka zo da mota suka ce tashi, ko da ƙauna suka zo, a jikina transfa ta takwas zan ji.

Sannan kin ce ba danginsa, amma ki bi shi kan titi rana ɗaya ki gani. Mai gyaran mota ɗalibinsa ne, ma'aikaciyar da ke auna masa suga wataƙila ita ma ta zauna a ajinsa, ko'ina ya bi malam malam ake. A gidan Yayanku kuwa baban wane ne kawai, tsoho a ɗakin baya. Wannan sunan na malam shekara talatin ya yi yana gina shi kuma ba ya shiga mota.

Malama Mai Jan Biro:
Malam a nan kam ban bi ka duka ba. Ni na tashi na koma kusa da 'yata bayan rasuwar maigida kuma ban yi nadama ba, da na zauna can da ban san yadda zan kasance ba lokacin da aka yi min aikin ido. Suna ana sake gina shi, yaran nan goma sha tara da nake faɗa ai a sabon wuri na same su, yanzu duk layin malama suke ce min. 'Yata abin da zan ce miki kar ku yi masa dole kuma kar ku daina maganar. Ku ce ya zo wata ɗaya ya koma, ku bar shi ya saba da hanya. Kuma ku tambayi Ummanku ita kaɗai ba a gabansa ba, don sau da yawa matar malami ta bi shi gari bakwai ba wanda ya taɓa tambayarta ina take so.

Tsohon Mai Alli:
Wannan ta ƙarshen gaskiya ce Malama, kuma ta same ni. Ban taɓa tambayar tawa ba. Yau zan tambaye ta.

Nas Mai Dutin Dare:
'Yar Malam kafin a gama shawara, ku tabbatar akwai na'urar gwajin suga a gidan kuma Umma ta iya amfani da ita, ta san alamun faɗuwar suga kamar gumi da rawar jiki da rikicewar magana, sannan ku samu maƙwabci ɗaya mai abin hawa da za a iya kira ko tsakar dare ne, lambarsa tana wayar kowa a cikinku.

'Yar Malam:
Nagode sosai iyayena, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Zan kira Umma anjima in Abba ya fita.

Ɗan Aji Uku:
Mama na duba abin da kika ce. Jiya da mahaifina ya dawo daga lesin ya fi awa ɗaya yana ba mu labarin wata yarinya da ta gane raba lamba, har abincinsa ya huce. Amma dai ƙafarsa tana kumbura, zan yi ƙoƙari in sa yaran su riƙa zuwa gida maimakon shi ya je.

Saura Wata Huɗu:
Malam Mai Alli na zauna na yi lissafin da ka ce, makaranta biyar. A ta biyu akwai wani malamin kimiyya da muke kwatas ɗaya, yana kiwon zuma a bayan lab, ni nake riƙe masa hayaƙi in zai buɗe amya, na ma manta da wannan gaba ɗaya sai yau. Shi ya taɓa nuna min yadda ƙudan zuma ke rawa a kan saƙa don ta nuna wa 'yan uwanta inda fure yake, kusurwar rawar da tsawonta su ne alƙibla da nisa, ya ce wanda ya gano haka Karl von Frisch har kyautar Nobel ya samu a 1973. Lokacin na ce wannan ai lissafi ne tsantsa, wata rana zan bi shi. Shekara 26 kenan. Ko akwai mai kiwon zuma a nan ya faɗa min da amya nawa ake farawa, kuma ko za a iya a wurin da akwai maƙwabta kusa?

Tsohon Mai Alli:
Zuma kam ba fannina ba ne, sai masu shi su amsa, amma in ka kafa amyar ka gaya min in aiko maka da dashen lemo guda biyu masu aure, furensa suna so sosai. Abokin nawa kuma na karanta masa duk abin da kuka rubuta ta waya, ya ce a gode wa Malama, wai akwai yara a layinsu da ba sa zuwa ko'ina da yamma. Bari in tashi, hadari ya haɗo ta gabas kuma ban zubar da ruwan jiya daga kwalbar ba, milimita 14 ne.